Jan Layi

Da asuba nakan ɗanɗani rijiyoyi
kafin kowa ya zura guga.
Aikina ke nan a majalisar tsibirinmu:
in lasa, in auna, in rubuta.
Bara rijiya biyu ce ta yi zartsi.
Bana bakwai,
har da ta masallaci, wadda kakana ya haƙa.

Ran Talata jirgi ya kawo baƙi daga Male,
mutum uku, da taswira naɗe kamar tabarma.
Suka shimfiɗa ta a ajin 'yan firamare,
muka danne kusurwoyinta da kwakwa huɗu
don kada iskar teku ta karanta kafin mu.

Ga tsibirinmu nan, tsawon tafin hannu.
Ga wani jan layi ya ratsa shi.
Yarinyar da ta zana shi, Shiuna,
ba ta kai sa'ar ƙanwata ba.
Ta ce, "Nan teku zai kwana, shekara talatin masu zuwa."
Na bi layin da yatsa.
Ya shiga ta madafin uwata,
ya raba gonar gwaza biyu,
ya tsaya a kan mahaifina
daidai inda muka juyar da fuskarsa alƙibla.

Hanya uku, in ji su.
Ko katangar dutse, in an samu mai ba da rance.
Ko a tsotso yashi daga gindin teku
a yi mana tudun da Allah bai yi ba.
Ko mu tattara, mu koma birni,
bene na tara, ɗaki na kaza,
inda ba a jin ƙarar kwale-kwale yana goga gaɓa.

Maza suka kaure. Kudabe mai fatsa ya buga benci:
"An ce tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.
Mu yaushe muka ja?
Hayaƙinmu duka bai isa ya baƙanta tukunya ba!"
Shiuna ta sunkuyar da kai.
Ba ita ta ƙona duniya ba, ta dai zo da lissafin tokar.

Sai Dhon Kamana, wadda ba ta da sauran haƙori,
ta ɗaga sandarta kamar ɗaliba:
"Masu rai na ji inda za ku kai su.
Matattu fa, a shafi na nawa suke?"
Aka buɗe takarda, aka rufe.
Babu shafin.
Na ga Shiuna ta ciro alƙalami
ta rubuta wani abu a gefe, hannunta na rawa.

Ba mu gama ba har magariba.
Abin da aka tsayar bai taka kara ya karya ba:
tankin ruwan sama a kowane indararo,
farantan rana a rufin makaranta,
janareta ya huta daga azahar zuwa la'asar,
kada kowa ya ƙara fasa murjani don gini.
Maganar tashi, sai baɗi.
Maganar kabari, an kafa kwamiti, ni ne magatakarda.

Yau Juma'a, ruwa ya janye.
Ni da 'yata Mizna muna cikin taɓo har gwiwa,
muna dasa itacen nan mai tsayuwa a gishiri
da ƙafafu barkatai kamar zalɓe.
Ta kai ɗari da sha ɗaya, ƙaguwa ta ɓata mata ƙirga.
Ta ce, "Baba, za su tare teku?"
Na ce, "Za su rage masa sauri."
Ta ce, "Shi ke nan?"

Na miƙa mata wani dashen.
Can bayan murjani igiya ta fara juyowa,
ba gaggawa, kamar mai bin bashin da ya san gida.
Muka matsa taku ɗaya,
muka ci gaba.